Nono da Kafur

Da dangin yaron da ke neman Ummi ba su je bincike Rafin Guza ba, da wannan zancen na tafi da shi kabarina. Sun je, suka tarar da wata tsohuwa wadda ba ta da sana'a sai leƙen gidajen mutane, ta shaida musu cewa gidanmu akwai taɓuwar ƙwaƙwalwa a jini, kuma wai ni da Babanku wa da ƙanwa ne. Asabe, uwar Ummi, ta kawo mini maganar idanunta jajur. 'Yar da na haifa, wadda ita ma 'yarta ta isa aure, tana tsaye a kaina tana tambaya ko auren da aka haife ta a cikinsa aure ne. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya. In na ɗauki carbi sai in ajiye, in na kishingiɗa sai in tashi in hau gyara kayan da ba su ɓaci ba. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, Inna ta riga shi, Yayanku kuwa ko yana da abin faɗi bakinsa ba zai kai ba. Saura ni kaɗai, kuma ba zan bari ku ji tarihin gidanku a bakin masu leƙen katanga ba.

Babanku ɗan wan mahaifina ne, wannan kun sani, ba a taɓa ɓoye shi ba. Iyayenmu maza daga Katsina suka zo, suka kafa sana'ar ƙera akwatin ƙarfe a Rafin Guza, irin mai fentin fure da ake kai amare da shi. Gida ɗaya, murhu ɗaya. Mahaifiyata ta rasu ina 'yar yarinya, ko alwala ban iya ba, sai Inna, matar baffana kuma mahaifiyar Babanku, ta janyo tabarmata zuwa ɗakinta. Ita ta yi mini kitso, ita ta koya mini tuƙin tuwo, ita ta zane ni ranar da na kifar mata da man gyaɗa a rariya. Ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ɗiyata take cewa, da harshenta na Katsina wanda zaman Kaduna ya kasa gogewa. Da aka zo maganar aure ba wanda ya matsa mini. Ni na so shi, tun yana dawowa daga shago hannunsa duk fenti yana tsokanata wai miyata ba ta da maraba da ruwan wanke kwano. Aka ɗaura aure, aka kai amarya ba tare da an wahalar da direba ba, tsakar gida kawai na tsallaka.

Na haifi Yayanku a zamanin da ake bin dogon layi kafin a sami sabulu da madara. Ku 'yan yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba, kuna ɗaukar jariri ku yi ta masa wasa a gaban surukai ana ɗaukar hoto. Mu a lokacinmu ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa rawa, ba a ƙura masa ido mutane na gani. Har yau ba ku taɓa jin na kira sunansa ba, kuma ba a nan za ku fara gani ba. In an miƙo mini shi ya sha nono, sai in kau da kai gefe har ya ƙoshi a karɓe shi. Inna ce ke masa wanka, ita ke shirya shi, a gefenta yake kwana. Ɗakin jego kuma a da haka yake: taga a rufe, labule a sake, garwashi a kasko, don kada iska ta shigi mai jego. Da rana tsaka ma sai an kunna fitila kafin a ga allura.

Inna tana da akwati, ƙirar hannun marigayi baffana, kore mai jan fure. Tun ina da ciki take tara kayan jariri a cikinsa, riguna da huluna da zannuwan goyo, har da wata 'yar rigar saƙi da Babanku ya sa yana jinjiri. Tsakanin kowane ninki tana jefa ƙwayar kafur saboda kyankyaso da asu. In ta ɗaga murfin, ƙamshin sai ya cika ɗaki har ya shiga ido. A wurinmu wannan ƙamshi shi ne tsabta, shi ne alamar an damu da yaro. Daga akwatin ake ciro riga a zura masa, ba wanki ba shanya, don a ganinmu kayan ajiya ba su da datti.

Kafin suna, matan da ke zuwa barka suka fara yaba haskensa. Wannan ta ce fari ne sol, waccan ta ce ya ɗauko kakarsa ta wajen uwa, ai Bafillatana ce. Na ji daɗi a raina, ban nuna ba. Sai ya fara ƙin nono. Sai wani kuka siriri mai tsini wanda ban taɓa ji a bakin jariri ba, yana yi yana banƙarewa ta baya. Aka ce iska ce ta shafe shi, aka karɓo rubutu, aka turara ɗaki. Ba wanda ya yi zancen asibiti, don ba a fita da jariri kafin suna. Aka yanka rago, aka raɗa masa sunan baffana, Inna ta koma ce masa Maigidana tunda ita ma ba ta iya furta sunan. Kukan ya lafa da kansa, muka yi hamdala, muka ɗauka an wuce wurin.

Ashe ba a wuce ba. Wuyansa ya daɗe bai tsaya ba. Sa'anninsa suka zauna, suka yi rarrafe, suka miƙe, shi yana kwance. Ya doshi shekara huɗu kafin ya tsaya da bango, hannuwansa na karkarwa. In an kira shi ta baya ba ya waiwayowa, abin da aka koya masa da safe kuwa kafin la'asar ya zube. Maƙwabta suka yi ta kawo mana dalilai ba mu tambaye su ba. Wasu suka ce auren zumunci ne, jini ya yi kusa. Wasu suka ce na fita da almuru ina da ciki. Wata ma ta rantse sammu ne, har ta faɗi gidan da ya fito. Ni dai na shanye, na ci gaba da hidimata. Inna ce ta fara ramewa. Sai in gan ta zaune ta zuba wa yaron ido, leɓɓanta na motsi, in ta lura ina kallonta sai ta miƙe ta ɗauki tsintsiya.

Ina da cikin Nasiru, cikin ya fara fitowa, ranar da Inna ta fasa ƙwan. Da hantsi ne, Babanku ya dawo daga shago ɗaukar wani abu, ta tsayar da shi, ta kira ni, ta zaunar da mu a ƙofar ɗakinta. Ta ce ina 'yar watanni mahaifiyata ta yi ciwon nono, ta kwanta da zazzaɓi, ni kuma ina ta tsala kuka ba mai lallashi. A lokacin Inna tana goyon Lami, ƙanwar Babanku. Sai ta ɗauke ni ta sa mini nata a baki don in yi shiru. Sau ɗaya ne, in ji ta, kuma ba kowa a wurin.

"Ban sani ba ko kin haɗiya ko ba ki haɗiya ba," ta ce. "Da anka zo ɗaurin aure na ce ma raina ba ki haɗiya ba, don ban so ki bar gidan ga. Yanzu na sani."

Ta nuna Yayanku, yana zaune yana jan zaren tabarma.

"Ga shi nan. Allah ya nuna mani."

Kun san hukuncin, an koya muku a Islamiyya. Jaririn da ya sha nonon mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa. In maganar Inna ta tabbata, Babanku wana ne, zamanmu ba aure ba ne, kuma dole a raba. Haushi ya taso mini. Na tambaye ta me ya sa sai yanzu, da ɗa a ƙasa da wani a ciki. Hawaye kawai take sharewa da gefen zane. Babanku ya tashi ya sa takalmi ya fita, ya manta abin da ya dawo ɗauka.

Washegari ya tafi Hayin Banki wurin malamin da yake ɗaukar karatu a gabansa. Malam ya ce masa shaidar mace ɗaya ba ta warware aure, balle ba ta taɓa faɗa wa kowa ba kafin a ɗaura, balle ita kanta ba ta da tabbacin an haɗiya. A shari'a matarsa ce. Amma in zuciyarsa ta gaskata maganar, tsantseni ya fi, ya rabu da ita. Wato malam ya sauke kayan daga kansa ya mayar wa Babanku a ka. Da ya dawo ya maimaita mini, na ce to alhamdu lillahi, magana ta ƙare, shaida ɗaya ce. 

"Biyu ne," ya ce. "Inna ɗaya. Yaron nan na biyu."

Ya ce zai jira in haihu sannan ya yanke hukunci. Ya naɗe tabarmarsa ya koma shago da kwana.

A watannin nan ban san mece ce ni ba. Ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba, ni ba ƙanwa ba. In na aika masa abinci yana ci, kwanon ya dawo a wanke, abin da bai taɓa yi ba. In ya shigo gaida Inna sai ya ce mini sannu da gida daga nesa, ya wuce. Na je Doka wurin Gwaggo, ƙanwar iyayenmu, ko ta san wani abu. Ta ce a shekarar tana Katsina, ta ba ni goro, ta ce in yi haƙuri, kamar haƙuri ne na je nema. Inna ta faɗa wa Lami don ta rage nauyin zuciya, Lami ta faɗa wa aminiyarta bisa amana, kafin mako ya zagayo amanar ta kai bakin famfo. Mata suka riƙa shigowa aron turmi, masu turminsu a gida, su tsaya suna kallon Yayanku. Na yi shara har tsintsiya ta ƙare, na wanke tukwanen da ba a yi girki a cikinsu ba, in na zauna ƙafata sai ta yi ta kaɗawa. Ina jin haushin Inna, kuma ina tausayinta. Ina jin haushin Babanku da tsoron Allahnsa da ya zaɓi ya sauke a kaina. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda aka mai da yaron shaida. Yaron da bai san hagunsa da damansa ba, an tsayar da shi yana ba da shaida a kan uwarsa da ubansa, shi kuwa yana can yana wasa da murfin kwano.

A wurin awon ciki hanya ta ɓullo. Wata nas ta gan ni da shi a baya, ƙato, ƙafafunsa na reto, ga ciki a gaba. Ta tambayi abin da ke damunsa, ta tura ni wurin likitan yara a babban asibiti. Na yi ta zirga-zirga, bas daga Kawo, layi a rana, a ce mini dawo jibi, a ɗebi jininsa, a ɗebi nawa. A gida awo nake cewa, ba wanda ya tuhume ni don kowa na cikin tasa damuwar. Likitan wani ɗan siriri ne, Hausarsa ta Zazzau. Ya tambaye ni launin idon yaron a makon farko, na ce ban sani ba. Ya ɗago ya dube ni, yana mamakin uwar da ba ta san idon ɗanta ba. Na ce ɗan fari ne. Ya gane, ya sunkuyar da kai. Na ba shi labarin hasken da mata suka yaba, da kukan, da banƙarewar. Sai ya tambaya ko muna sa kafur a kayan jarirai. Na yi dariya, na ce wane gida ne ba a sawa.

Shi bai yi dariya ba. Ya ce abin da mata suka kira haske, ciwon shawara ne, mai mayar da ido da fata rawaya. Akwai yara, yawanci maza, da ake haifa jininsu na da wani rauni, kuma gwaji ya nuna Yayanku na cikinsu. Mai irin wannan jini yana iya girma ya tsufa lafiya lau bai ma san yana da shi ba, sai in ya haɗu da abin da jinin ba ya so, kuma kafur na gaba-gaba. Jariri ya shaƙe shi, ya kwana a cikinsa, jinin ya lalace, shawara ta hau, in ba a tare ta da wuri ba sai ta taɓa ƙwaƙwalwa da kunne. Na ce auren zumunci fa. Ya ce akwai cututtukan da auren dangi ke buɗe wa hanya, ba ya musun wannan, amma wannan raunin ɗa namiji daga uwa yake ɗaukowa, ko da bare na aura daga wata uwa duniya zai iya zuwa da shi. Sai na ba shi labarin nono, wanda ban taɓa furta wa bare ba.

"Nono abinci ne, Malama. Ba ya canza abin da mutum zai gadar wa ɗansa. Halal da haram na malamai ne, ban isa in sa baki ba. Amma yaron nan ba shaidar komai ba ne, sai ta shawarar da ba a gani ba."

Ya ƙara da cewa ba zai rantse kafur ne kaɗai ba, tunda bai ga yaron a lokacin ba, amma in aka ce ya nuna abu ɗaya, shi zai nuna. Raunin daga jinina, kafur daga akwati, duhu daga ɗaki, su suka haɗu. Na cikina kuma, in namiji ne, yana iya zuwa da jini iri ɗaya. Ya ce a fitar da kafur daga gidan, a wanke kayan jariri a shanya a rana, kuma kullum in fito da shi haske in buɗe idonsa in duba, ko da wa ke kallo.

Na fito ina sauri har ina tuntuɓe. Sai a cikin bas murnar ta koma ciki. Na cire ɗana daga shaida, amma matar da ta ba ni nono ita ce matar da ta jefa kafur. Na yanke cewa Babanku kaɗai zan gaya wa, Inna kuma in bi ta da dabara. Na sauka na zarce shago, abin da ban taɓa yi ba, ana ta bugun ƙarfe, na tsaya a rana sai da ya fito. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce na je na nemo maganar da nake son ji. Na ce ya zo mu koma tare ya ji da kunnensa. Ya ce aiki ya yi masa yawa. Wallahi da ba a gaban mutane ba ne, da na faɗa masa abin da zai daɗe yana tunawa.

Dabarar ma ba ta yi ba. Na ce wa Inna a asibiti sun ce a daina sa kafur. Ta ce da kafur ta raini 'ya'yanta duka ba wanda ya yi ko atishawa, 'yan asibiti kullum da sabuwar tsirfa. Na kwashe ƙwayoyin a ɓoye na zuba a masai, ta aika aka sayo wasu. Na sake kwashewa, ta sa wa akwatin kwaɗo ta rataye mabuɗin a wuya. Tana ganin ciki ne ya sa na tsani ƙamshin. A nata tunanin kuma, in za a raba ni da ɗanta, to ko ba komai jikanta ya zo ya tarar da kayansa a kimtse. Ciki ya tsufa, haihuwa ta matso, kuma haihuwar ita ce wa'adin da Babanku ya ɗibar mini.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya shigo gaishe ta. Na fito daga ɗakin girki na tarar ta buɗe akwatin a tsakar gida, tana ninke sababbin riguna tana jefa farin abin nan tsakaninsu. Na ce ba za a sa wa ɗana waɗannan kayan ba. Ta ce, ɗiyata, mi ya same ki. Babanku ya ce in yi wa Inna magana a hankali. Sai na faɗa, duka, a tsaye. Ban ɗaga murya ba, ban kuma rage komai ba, har da cewa raunin jinin daga gare ni ya fito. Kuma in yau aka mayar da ni tsakar gidan nan, haka zan sake faɗa, don akwai rai a cikina kuma akwatin a buɗe yake yana jiransa.

Inna ta tsaya da ƙwayar kafur a hannu. 

"Idon," ta ce. "Na gani. Ina yi mashi wanka na ga hwarin idon ya koma kamar ƙwaiduwa. Na ce hasken jiki ne ya kai can."

Babanku ya ɗago kai. Ya tambaye ta ko ta tabbata. Ta ce wannan kam ba kokwanto, a gabanta abin yake har gobe. Ta dubi akwatin, ta dubi Yayanku, sannan ta dube ni.

"To. Ko ta ina anka biyo, ni ce."

Na ce ba haka ba ne Inna, ba wanda ya sani, duk garin nan haka ake yi. Ba ta saurare ni ba. Ta ajiye ƙwayar a kan murfin a hankali, ta ɗauki Yayanku, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Babanku da kansa ya kwashe kayan ya jiƙa a baho, da rigar masallacinsa a jiki. Akwatin ya ɗora a ka ya kai shago, ban sake ganinsa ba. Bayan 'yan kwanaki ya bi ni asibiti ya ji da kunnensa, aikin da ya yi masa yawa ya ragu ke nan. Daga nan ya wuce Hayin Banki. Da ya dawo, da tabarmarsa ya dawo. Ya ce shaida ta koma ɗaya, kuma mai kokwanto, malam ya ce ya riƙe matarsa. Ban yi masa sannu da zuwa ba. Na bar shi ya ci miya ba gishiri na ɗan lokaci, ya ci bai yi ƙorafi ba.

Inna ta mai da Yayanku ɗakinta ɗungurungum, ta daina shiga nawa. Ranar da na haifi Nasiru, ungozoma ta miƙa mata shi, ta ɓoye hannuwanta cikin zane. Na sa aka buɗe taga, aka ɗage labule, matan unguwa suna ta salati wai iska za ta kashe mai jego. Na ce su bar ni da iskar. Washegari da hantsi ina zaune da shi a cinya, sai na ga inuwar Inna a bakin ƙofa. Ba ta shigo ba.

"Hito da shi haske."

Na fito da shi. Ta sunkuya, ba ta taɓa shi ba, ta ce in buɗe idon. Na buɗe. Ta duba na dama, ta duba na hagu, ta sake komawa na dama.

"Hwari ne tas. Matar Ɗanjuma, maida shi ciki."

Ɗanjuma ba sunan yanka ba ne, laƙabin da take kiran Babanku ne, shi ya sa na iya rubutawa. Da farko ban gane da wa take ba, har na waiwaya in ga ko akwai wata a bayana. Kullum sai ta zo bakin ƙofar nan har aka yi suna. Haka ta yi wa Asabe, haka ta yi wa sauranku, kowannenku sai da ta leƙa idonsa a rana, kuma ba wanda ta ɗauka sai da ya iya zama.

Nasiru, an gwada ka, jininka irin na Yayanku ne sak. Ga ka nan da tumbinka da gardamarka, kana koyar da 'ya'yan mutane lissafi. Wannan ita ce amsar da za ki kai wa dangin yaron, Asabe. Abin da ke cikin jininmu ke nan, kuma maganinsa a nisanci kafur, a buɗe taga, a dubi ido. In bai ishe su ba su zo su same ni, ina da bakin yi musu bayani. Maganar nono kuwa, ban sani ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce na sani ba. Inna ba ta sake tayar da ita ba, ba ta kuma taɓa cewa ta janye ba. Na zauna da Babanku bisa fatawar malam har Allah ya karɓe shi, kuma ban taɓa jin kunyar ko ɗaya daga cikinku ba.

Inna ta rayu shekaru masu yawa bayan haka, Yayanku a gefenta, ita ke ba shi abinci a baki, shi kaɗai ke sa ta dariya. Ko ta cire ni daga 'ya'yanta ne don ta bar mini mijina, ko kuwa fushi ne, ban tambaya ba, ba ta faɗa ba. Na dai rasa uwa tana raye, gida ɗaya muke, kuma abin ya yi mini ciwo fiye da yadda na nuna muku. Ni na yi jinyarta a ciwon ajali, ni ke juya ta, ni ke wanke ta, kullum ina sa rai bakinta zai suɓuce ko sau ɗaya. Ranar ƙarshe, da la'asar, ina ba ta ruwa da cokali, ta buɗe ido ta dube ni sosai, ta kama yatsana ta riƙe. Na matso da kunnena.

"Sannu," ta ce. "Sannu, matar Ɗanjuma."